Waƙar da Baba Ya Binne

Unguwar Kanti, Kazaure.

Zuwa ga Yayana Sama'ilu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Dela da yara, da sauran 'yan'uwa mazauna Fatakwal. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a nema. Mu nan alhamdulillahi. An fara yankan gero, gonar Kawu ta Yankwashi ta yi kyau bana, sai dai wake ne tsutsa ta taɓa. Inna tana Gwiwa, hawan jinin ya sauka, tana shan maganinta idan an tsaya a kanta. Na zaɓi in rubuto ne domin duk lokacin da na kira ka sai ka ce ana sauke shanu, za ka neme ni, kuma ba ka nema. Shi ya sa na ba direban Babura wannan takarda, na ce ya danƙa maka hannu da hannu.

Yaya, maganar fim ɗin da aka yi a kan rayuwar Baba ce, ko in ce maganar faifan waƙoƙin fim ɗin. Shi fim ɗin ban da ta cewa a kansa. Mun kalla, mun yi kuka, yaron da ya fito a matsayin Baba har yadda yake karkata kai idan zai ɗaura gurmi ya koya. Duk wanda ya san Alhaji Daudu Mai Gurmi ya ce an kyauta. To amma da suka fitar da waƙoƙin daban, waɗanda wani matashi ya sake rerawa da fiyano, ka san wace suka sa a farko? Ƙafar Lauwali. Cikakkiyarta, tun daga farko har ƙarshe, da sunansa da sunan garinsu.

Na san ka san tarihin waƙar nan, ka ma fi ni sani tunda ka girme ni, amma zan maimaita domin ga alama nisa ya sa ka manta. Baba Lauwali na Roni shi ne babban ɗan amshin Baba. Suka sami saɓani ya bar ƙungiya ana gobe wani babban wasa, Baba ya fusata ya yi masa zambo a kan ɗingishinsa, abin da aka haife shi da shi. Waƙar ta yi tashe har mutumin ya daina shiga kasuwa. Sai ga hatsarin da Baba ya yi a hanyar Daura. Wa ya zauna da Baba a asibiti yana juya shi, yana wanke shi, lokacin da masu yi masa liƙi suka watse? Wannan mai ɗingishin ne. Da Baba ya tashi, ya je Roni ranar Juma'a, ya tsaya gaban dattawa ya nemi gafara, ya ce ya binne waƙar nan, kada Allah ya sake ba shi ikon furta ta. Ya kuma cika. Inna har yau tana ba da labarin bikin Babura, inda wani attajiri ya ce zai ba shi bijimi in ya yi baiti ɗaya, Baba ya mayar da gurminsa cikin jaka ya taho gida ko abinci bai ci ba. Shekara talatin da ɗoriya yana riƙe da alkawarin nan har aka kai shi makwancinsa. Da Musaddiƙ ɗan Baba Lauwali ya zo neman ƙanwarmu Sadiyya, ka tuna irin murnar da Baba ya yi.

A cikin fim ɗin, ɗan guntun waƙar ake ji, sai a nuna hatsarin, a nuna neman gafarar. Mai kallo zai gane cewa kuskure ne aka yi aka tuba. Amma shi faifai ba ya nuna asibiti, ba ya nuna ranar Juma'a. Zambon ne tsirara, an ƙara masa kiɗa mai daɗi. Yanzu duk rumfar masu tura waƙoƙi a waya ita ke tashi, daga Kazaure har Achilafiya. 'Yan acaɓa ita suke sakawa. Samari sun ƙirƙiro mata rawa, ana jan ƙafa ɗaya ana tafiya, ana ɗauka a waya ana yaɗawa. Yawancinsu ba su ma san mutumin yana raye ba. Amma yaran Roni sun sani.

Baba Lauwali shi ke kiran salla a masallacin unguwarsu tun kafin a aurar da ni. Rannan ya fito zai je kiran la'asar, yara suka jeru a bayansa suna jan ƙafa suna rerawa. Ya juya ya koma gida, kuma tun ranar bai sake fita ba. Nafisat ɗin Sadiyya kuwa ta ƙi zuwa makaranta, domin 'yan ajinsu suna tambayarta wai wane kakan nata ta fi so, mai waƙar ko mai ƙafar. Yarinya ta dawo tana kuka tana tambayar uwarta ko Baba mugu ne. Ka ji abin da jikarsa ke tambaya a kan mutumin da ya fi kowa sonta. Musaddiƙ yana da haƙuri, bai ɗaga wa Sadiyya murya ba, amma yayyensa mata sun daina amsa gaisuwarta. Ɗaya ta ce a gabanta wai gidanmu sun ci da ƙafar ubansu sau biyu, da can da kuma yanzu. Sadiyya ga tsohon ciki, ta rame, ba ta iya haɗa ido da surukinta idan ta kai masa abinci.

Ban zauna ba, Yaya. Na roƙi maigidana Malam ya raka ni Kano, muka je ofishin masu fim ɗin. Muka wuni a kan benci kafin mai shirya fim ɗin ya gan mu. Ya karɓe mu da fara'a, ya sa aka kawo lemo, ya yi ta yabon Baba. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya ce ai tarihi ne, ba a ɓoye tarihi, wai a wajen wani mai tsofaffin kaset suka samo ta da ƙyar. Ya ce ita ce ma ke jan sauran waƙoƙin. Har ya ce Lauwali ai suna da yawa a duniya. Na ce masa ya faɗa min Lauwali nawa ne a Roni masu ɗingishi da suka yi wa Daudu amshi. Ya yi dariya ya ce Hajiya akwai zafi. Daga ƙarshe ya ce babban ɗan marigayi ya ba su izinin dukan waƙoƙinsa ba tare da ware ko ɗaya ba, don haka shi kaɗai zai iya cewa a cire. Na fito ina ta faɗa, har Malam yana ce min in yi salati.

Ban ce da gangan ka yi ba. Na fi zaton an miƙo maka takarda kana cikin hidima ka sa hannu, kana ganin ɗaukaka sunan Baba ne. Amma da ka kira Inna, ko ni, ko Kawu, da a numfashi ɗaya za mu ce maka ban da wannan. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne shirun da ka yi bayan na aiko maka da saƙo. Na san magana zarar bunu ce, abin da ya shiga wayoyin mutane ba mai iya tsamo shi. To ko ba a kwashe ruwan da ya zube ba, ai a ɗaga tulun. Ƙarshen watan nan za su yi bikin ƙaddamar da faifan a nan Kazaure, sun ce an ware wa iyali kujerun gaba, kuma matashin nan zai rera waƙar a kan dandamali. Inna ta ce ko a kan gadon asibiti take ba za a ɗauke ta zuwa wajen ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka kira su tun yanzu ka ce a cire ta daga faifan, kada kuma a rera ta. Sannan ka zo gida, domin zumunta a ƙafa take.

Shekaranjiya na daure na je Roni. Na sami Baba Lauwali a zaure yana jan carbi, na durƙusa na gaishe shi, sai hawaye suka zubo min. Shi ne ma yake ba ni haƙuri. Ya ce ba ya riƙe da Daudu ko kaɗan, abokinsa ya yi alkawari ya cika, Allah ya kai haske kabarinsa. Ya ce abin da ya dame shi, wancan karon ya san wanda zai yafe wa, wannan karon kuwa ya rasa. Da na tashi tafiya sai ya kira ni da sunana, ya tambaye ni a hankali ko Sama'ilu ya san da waƙar a cikin faifan. Yaya, mutumin da ya goya ka a kafaɗa zuwa kallon wasan Baba ne yake tambaya. Na sunkuyar da kai na ce zan tambaye ka. Ya ce to, zai jira ya ji daga bakinka.

Inna tana gaishe ka, ta ce in faɗa maka ba ta yi fushi ba tukuna. Kawu da iyalinsa suna gaisuwa, haka Malam da yara. Sadiyya ta ce a gaishe da Dela, a shafa mata kan Muhammad Sani da Zaharadeen. Allah ya jiƙan Baba, ya sa mu iya riƙe abin da ya riƙe.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka,
Mairo Daudu Gwiwa.