Sammacin da Ya Zo da Sunan Baba

Soron Ɗinki, Kano.

Zuwa ga ƙanena Mikail,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyalinka a can Fatakwal. Allah Ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan jiki kam lafiya, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi, amma hankalin kowa a tashe yake, kuma kai ne sanadi. Na rubuto ne tunda ka daina ɗaga wayata.

Ranar Litinin aka kawo wa Baba sammacin kotu har zaure, yana tsaka da ba da karatu, a gaban ɗalibansa. Malama Firdausi ta Dukawuya, marubuciyar nan, ita ta kai ƙara. Littattafanta da ka bi shafi-shafi ka ɗauki hotonsu kana rabawa a gurup ɗinka na WhatsApp sun zagayo hannunta. Don tsabar wayo har lambarka ka manna a kowane shafi, wai mai son ci gaba ya neme ka. Ka manta cewa da katin ɗan ƙasa na Baba ka yi wa layin wayar rajista, lokacin da naka bai fito ba. Yanzu a takarda, dattijon da ko saƙon waya bai iya turawa ba shi ne ɓarawon littattafan soyayya. Tir da wannan aiki, Mikail!

Na ji abin da ka gaya wa Inna, wai kowa ma yana yi, kuma kai taimakon masu karatu kake. To ka taimake su da guminka mana. Matar nan da alƙalaminta take ci da 'ya'yanta. Lauyanta ya ce ko kyauta aka raba laifi ne tunda babu izininta, kuma wanda sunansa ke kan layin shi zai fara amsa tambaya.

Mai unguwa da liman sun je ba ta haƙuri. Ta karɓe su da mutunci, ta ce ta san Baba ba zai aikata ba, a faɗa mata wanda ya yi ta cire sunansa. Baba ya ce shi ba zai yi ƙarya a gaban alƙali ba, kuma ba zai miƙa ɗansa da bakinsa ba. Tun ranar bai sake fitowa zaure ba.

Ni ba ni da irin haƙurinsa. Ka rufe gurup ɗin nan, ka hawo mota ka zo kafin ranar zaman kotu. In ba haka ba, wallahi da ƙafata zan je wajen lauyan in ba shi sunanka da inda kake, in ya so ka ƙi ni har abada.

Ka gaida Hafsat da yara, su ba su yi min komai ba. Inna tana gaishe ka. Na tambayi Baba ko yana da saƙo, ya ce in gaya maka ka yi zamanka, kada ka zo a kama ka. Na isar don amana ce. In da sauran kunya a idonka, ka san abin da za ka yi da wannan saƙo.

Yayarka,
Sadiya