Ni na kashe ajiyar wayar Inna, amma Auta ake tsine wa

Assalamu alaikum. Anti mai wannan shafi, ina gaishe ki da aiki, ina gaida masu karatu. Don girman Allah ki ɓoye sunana da lambata. Ku kuma masu sharhi na san halinku, ina ganin yadda kuke yi wa mutum tatas tun ba ku kai rabin labarinsa ba. Ku bari ku gama karantawa kafin ku zage ni. Karatuna a aji shida ya tsaya, in kun ga kuskure a rubutun ku wuce shi, ba shi ya kawo ni ba.

Mu uku mahaifiyarmu ta haifa, Inna muke ce mata. Babban wanmu, da muke kira Hamma, yana aiki a Fatakwal. Ni ce ta tsakiya, ina ɗinki a gida a Fadaman Mada, nan Bauchi, kuma tun da aurena ya mutu ni nake zaune da Inna. Sai Auta, tana jami'a a Gubi. Shekara uku da suka wuce Hamma ya zagi Kawu, ƙanin Inna, a gaban idonta, ta ce kada ya ƙara tako mata gida. Tun ranar ba ta sake amsa kiransa ba. In ya aiko da kaya sai ta rabar wa maƙwabta. Abu ɗaya ta riƙe, babbar waya, ita ma don Auta ta yi ta kuka ne. Auta ce ta saita wayar, ta haɗa ta da wata ajiya ta intanet, wai duk hoton da aka ɗauka ko bidiyo da kansa zai tafi can ya zauna, ko wayar ta faɗa rijiya ba a yi asara ba. Da na tambaye ta ina ne can ɗin, sai ta yi dariya ta ce, "Adda, ke dai ki ji da kekenki. Wannan ba na 'yan firamare ba ne." A gaban baƙi ta faɗa.

Bana da damina Inna ta zame a bakin famfo ta karye a ƙugu, ta kwanta ba ta ƙara tashi ba. Wa ke juya ta? Ni. Wa ke wanke ta, ya kwashe abin da ta yi, ya shanya ledar gado? Ni. Auta sai Asabar take zuwa da lemo a leda, ta ɗauki hoto da Inna ta koma. Kwanciya ta yi yawa har gyambo ya fito mata a ƙasan baya, wurin da ko ni da nake 'yarta sai na kau da kai nake buɗewa. Akwai wata nas a layinmu, Kirista ce 'yar wajen Bogoro, kowa Sista yake ce mata, Allah ya saka mata da alheri. Ita take wanke ciwon, amma ba kullum take samun zuwa ba, sai ta ce kowace safiya in ɗauki hoton wurin in tura mata ta ga ko yana cikewa. Wayata ƙarama ce mai madannai, don haka da ta Inna nake ɗauka. Inna takan ce, "Ke, ba dai wani zai gani ba ko?" In ce, "Babu, Inna, daga ni sai Sista." Wallahi a lokacin haka na ɗauka.

Wata Asabar Auta ta bar kwamfutarta a buɗe a kan tabarma ta tafi alwala. Hotuna suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, na biki, na sallah, sai ga bayan Inna tsirara ya cika fuskar kwamfutar. Da ta dawo na ce, "Auta, me ya kawo wannan nan?" Ta ce, "Ai na gaya miki komai can yake tafiya. Ni da Hamma kaɗai muke da lambar sirrin." Na ce, "Hamma ma yana gani?" Ta ce, "To ba ɗanta ba ne? Gara ma ya ga halin da take ciki ko kunya ta kama shi." Na ce namiji ne fa, kuma yaransa suna wasa da wayarsa, kuma su masu ajiyar su wane ne, Musulmi ne ko arna, maza ne ko mata? Ta ce, "Adda, kin fiya waswasi. Kada ki taɓa min saitin nan, za ki lalata abin da ba ki san kansa ba." Ku gaya min, ku da kuke shirin zagina, in uwarku ce za ku iya cin abinci? Kwana huɗu ina wanke Inna ina jin kamar ni na tuɓe ta a tsakiyar kasuwa. Na yi mata alkawari, ga shi na karya ba da sanina ba. In ta tsare ni ranar tsayuwa ta ce ke na ba amana, me zan ce?

Ranar Laraba na ce zan je kasuwar Muda Lawal sayen zare da shafi, na sa wayar Inna a jaka. Na sami wani mai gyaran waya, dattijo na zaɓa da gangan, na ce kada ya buɗe hotuna, ya kashe min abin nan da ke kwashe su yana kai wa can. Ya danna nan ya danna can ya ce, "Na kashe. Waɗanda suka riga suka tafi fa, a bar su ko a goge?" Na ce a goge. Ya ce, "Duka? Akwai na shekaru a ciki." Na ce ba zan tsaya ana buɗe su ɗaya-ɗaya a rumfa ba, ya goge duka, ai suna nan a cikin wayar. Ya miƙo min ya ce, "To Hajiya, ki sani, daga yau in wayar nan ta ɓace, komai ya ɓace." Da kunnena na ji. Ba zan ce muku ban sani ba. Auta tana jarrabawa, ba ta lura ba. Kuma ba zan ɓoye muku ba, a cikin keken da na hau na dawo gida har wani daɗi na ji, 'yar firamare ta kashe abin 'yar jami'a.

Bayan kamar wata ɗaya jikin Inna ya yi nauyi. Wata hantsi ta ce in sa mata ɗankwalinta mai ruwan toka, in jingina ta, in jingina wayar a jikin fulas in kunna mata bidiyo. Ta ce, "Fita ki ja min ƙofa. Kowa da nasa. Bayan raina ki ba su." Sau uku tana kirana in kashe in sake kunnawa. Da na duba, nawa minti biyu ne, na Auta huɗu, na Hamma minti goma sha ɗaya. Goma sha ɗaya! Mutumin da ko fo bai taɓa ɗauke mata ba. Na kalli nawa, albarka ta sa min ta ce in rage fushi. Nasu ban buɗe ba, amana ce, ina tsoron Allah. Tun ranar zuciyata take ce min ki je a mayar da ajiyar nan, ki tura wa Sista ta ajiye miki, ki yi wani abu. To in an mayar, hotunan ciwon da na ci gaba da ɗauka ba za su sake tafiya ba? In na tura wa Sista, ban fitar da sirrin Inna waje ba? In na gaya wa Auta, ba ta gane abin da na yi ba? Kullum sai in ce gobe. Har goben da Inna ta cika.

Hamma bai sami jana'iza ba, washegari ya iso. Auta ta tare shi a zaure ta ce, "Sannu da zuwa, ka zo daidai, an riga an rufe." Ya zauna a ƙasa yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana tambayar kowa, "Ta yafe min? Ta ambace ni?" Ni da bakina na ce masa ta bar masa saƙo a waya. Muka shiga ɗakin Inna inda na sa wayar caji a bayan gado, sai igiyar cajin kawai muka tarar. Ɗakin tun safe cike yake da mata masu gaisuwa, wa za ka tuhuma? Duk wadda ta zo ta'aziyya ta sace wayar mamaciya, ban yafe mata ba duniya da lahira. Auta ta ce, "Ku kwantar da hankalinku, komai yana ajiya." Ta ɗauko kwamfuta a gaban Kawu da Hamma da matan gida ta buɗe. Fayau. Ko hoto ɗaya babu. Ina tsaye a bayanta riƙe da tire.

Hamma ya miƙe ya ce, "Ke kika goge. Daga ni sai ke muke da lambar. Ba kya so in ji ta yafe min, shi ya sa." Ta ce, "In goge hotunan uwata don kai? Kai wane ne?" Ya ce, "Muguwa, baƙar zuciya, Allah ya isa tsakanina da ke." Ta ce, "Ka je ka nemi yafiyar a kabari, can ka bar ta." Sai da Kawu ya shiga tsakani. Yau kwana talatin da uku da rasuwar Inna, har yanzu ba mai gaida wani. Dangi sun bi bayan Hamma, gwaggonninmu ba sa amsa gaisuwar Auta, wata ta ce mata boko ya cinye mata imani. Ni kuwa ba wanda ya ko kalle ni. Kun san dalili? Sun raina ni ne. Hamma cewa ya yi, "Wannan ko saƙo ba ta iya turawa daidai ba." Auta kaɗai ta same ni ina wanke-wanke ta ce, "Adda, tsakaninki da Allah, kin taɓa ba wani wayar nan?" Na ce, "Wallahi ban ba kowa ba." Na rantse da Allah a kan ƙarya, ni da nake maimaita alwala sau uku in na yi kokwanto.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, a makon farko ban ji tausayin Auta ba. Na ce ta ɗanɗana, ita ma ta ji yadda raini yake. Hamma kuma na ce shekara uku yana ina, sai yanzu zai zo yana mana kuka? Har yanzu in na tuna ina jin haushinsu su biyun. Amma Auta ta rame, ta daina zuwa aji, nata saƙon ma ba ta ji ba, kuma ba wanda ya tuna da hakan. Hamma yana kirana yana cewa, "Ke da kike wurin, ko kalma ɗaya ba ki jiyo ta ƙofa ba?" Ban jiyo ba. Ban san ko yafe masa ta yi ba, ko minti goma sha ɗaya ta yi tana faɗa masa abin da ya yi mata. Ba wanda zai ƙara sani, kuma ni na jawo.

Juma'a mai zuwa sadakar arba'in. Hamma ya ce zai sa Auta ta dafa Alƙur'ani a gaban dangi, in ta ƙi, babu shi babu ita har abada. Ita kuma ta ce wata ƙawarta da ta san kan abin za ta duba mata ranar da aka goge da wayar da aka yi amfani da ita. In ta duba, Laraba za ta gani, ranar da Auta take ɗakin jarrabawa a Gubi, ranar da daga ni sai Inna a gida.

In na yi magana, dole in faɗi dalili, in tsaya gaban Kawu da maza in ambaci tsiraicin Inna da na yi duk wannan don in rufe. Kuma Hamma ba zai ƙara kallona ba, Auta za ta ce na tsaya da tire ina kallo ana tsine mata, kuma gaskiyarta ne. In na yi shiru, ƙanwata za ta dafa littafin Allah a kan laifina. Malaman da ke shafin nan, rantsuwar da na yi tana da kaffara ko ba ta da ita? Masu cewa ai niyyata mai kyau ce, ku riƙe abinku, mai gyaran waya ya gaya min kuma na ji. Masu zagi kuma ga fili nan, amma in kun gama ku ba ni amsa. Auta zan fara samu ni da ita, ko Kawu, ko in bari sai an shimfiɗa tabarmi ranar Juma'a in tashi a gaban kowa? Saura kwana bakwai. Me zan yi?