Ramin Baba Helka

Litinin, 4 ga Fabrairu, 1952
Yajin aikinmu na masu haƙa kabari ya shiga wani makon. Hutun Asabar kawai muke nema, amma hukumar maƙabarta ta mai da mu kamar mun ce a ba mu coci sukutum. Muna ta zagaye bakin ƙofa da kwalaye, ƙanƙara na cin yatsu. Dugan, shugaban ƙungiyarmu, sai jawabi. Mutumin nan ba ya gajiya da jin muryarsa.

Alhamis, 7 ga Fabrairu
Surukata Baba Helka tana kwance ba lafiya, amma bakin nan lafiya lau. Wai, "Ondrej, gawa ma ka yi mata yaji? To ni dai nawa ramin kai za ka haƙa, kusa da mijina. Kuma ka miƙe gefensa, na san aikinka." Na ce to, Baba. Tun da na auri Zuzka ban taɓa yin daidai ba a wurin matar nan.

Asabar, 9 ga Fabrairu
Hukuma ta kwaso wasu 'yan ƙwadago daga wani gari. Na leƙa ta shinge na ga ramin da suka yi. Kai! Ko dankali ba na binnewa a ciki.

Lahadi, 10 ga Fabrairu
Baba ta rasu da safe. Duk lokutan duniya, sai yanzu.

Talata, 12 ga Fabrairu
Na roƙi ƙungiya rami ɗaya tak, da shebur ɗina, ba a bakin aikin hukuma ba. Dugan ya ce akwatunan gawa na jere a rumfa suna jira, kowanne da danginsa, in an buɗe wa ɗaya yaji ya mutu. Abin haushin, gaskiya ya faɗa. Abokina Fausto ƙasa kawai yake kallo.

A gida Zuzka ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Shi ke nan, baƙin nan su haƙa mata." Ta ci gaba da yanka kabeji.

Laraba, 13 ga Fabrairu
Na shiga maƙabarta. Da rana tsaka, ta babbar ƙofa, shebur a kafaɗa, don kada a ce na yi sanɗa. Duk abokan yaji suka juya mini baya, yadda muke yi wa maci amana. Ni na koya wa rabinsu wannan juyin. Wani ya tofar da yawu.

Ƙasa ta daskare kamar dutse. Ina cikin fama sai ga diga ta faɗo ta saman shinge. Ta Fausto ce, na san ƙotarta. Ban ɗaga kai ba.

Juma'a, 15 ga Fabrairu
An binne ta jiya. Yau na koma bakin ƙofa na ɗauki kwalina. Ba wanda ya ce mini ci kanka, Dugan ko kallo. Wataƙila su kore ni daga ƙungiya, oho. Fausto ya ajiye gahawa a kan shinge kusa da ni, ya yi kamar mantuwa ce.

Gida shiru, har ya yi yawa. Na bar takalmina da laka a tsakar ɗaki, ba wanda ya tanka, sai ni na tashi na kwashe.

Ramin dai ya fita sambal, gefe huɗu. Da ta gani ba za ta sami abin cewa ba. Ko da yake ita ce, da ta samo. Da na so in ji.