Ni Na Yi Filashin, Kefas Ya Sha Kunu

Anti Leah, don girman Allah ki taimake ni, na jefa kaina cikin abin da ko aminina na kasa faɗa wa.

Ina aiki a ofishin wata ƙungiyar manoma a nan Zuru. Wata uku ke nan da aka sa mana sababbin wayoyin tebur, irin waɗanda ake jona wa igiyar intanet ɗin kwamfutocinmu. Kowa da lambarsa, in ka kira mutum sai sunanka ya fito a gilashin wayarsa. Tawa ta zo da tsaga a gefe. Ta Kefas, wanda teburinsa ke kusa da nawa, sumul take, shi kuwa kullum yana Manga ko Dirin Daji wurin manoma. Ran nan na faki ido na musanya su. A zatona lamba a bango take, kamar wayoyin da.

To, akwai Beatrice, mai kula da siton iri. Shekara biyu ina son ta, amma da na gan ta sai bakina ya mutu. Sai na ɓullo da dabara: kullum ƙarfe takwas na safe in yi mata filashin, ƙara biyu in ajiye, ta ga sunana ta san akwai mai tunaninta. Sati shida ban yi fashi ba.

Sai ga Beatrice ta fara kawo wa Kefas kunun gyaɗa a filas duk ranar da yake ofis. Shi bai san dalili ba, amma bai taɓa mayarwa ba, har tayi yake mini. Jiya wayata ta yi ƙara, na ga sunanta, na ɗauka, sai na ji tana yi wa Kefas godiyar gaisuwar safiya. Na yi maza na ajiye. Markus mai kula da kwamfutocinmu ya tabbatar mini lamba da suna a jikin wayar suke, duk inda ka jona ta suna biye da ita.

In na yi magana na zama ɓarawon waya, in na yi shiru na rasa ta. Wallahi kishi da kunya sun hana ni sakat.

Ɗanki mai nauyin baki, Zuru.

Ɗana,

Ka yi haƙuri, sai da na yi dariya na share hawaye kafin na ɗauki biro. Sati shida kana yi wa Kefas zawarci kyauta, ko godiya bai sani ya yi maka ba.

Kefas ba shi da laifi, an ba shi kunu ya sha. Beatrice ma abin da gilashi ya nuna mata ta bi. Kai kuma musanyar waya ba sata ba ce, son sumul ne ya ja maka. Gobe ka samu Kefas ku biyu, ka gaya masa komai, ka mayar masa da wayarsa da hannunka. Zai yi maka dariya har ƙarshen shekara, ka jure.

Sai dai ka shirya zuciyarka. Mai yiwuwa gaisuwar ce ta burge Beatrice, mai yiwuwa kuma sunan da ta gani ne ya yi mata daɗi. In Kefas take so, ka bar su, kada ka ɓata musu. Amma ba za ka sani ba sai ka tambaya, kuma filashin ba tambaya ba ne.

Ka bar wayar nan ta huta. Ka taka da ƙafarka zuwa sito ƙarfe takwas, ka ce mata ina kwana da bakinka. Wannan gaisuwar dai ba za ta fito da sunan Kefas ba.

Allah ya buɗe maka baki, ya sa filas na gaba naka ne.

Anti Leah