Wa Ke Taɓa Mini Akwatin Jita?

Anti Juwairiyya, ki taimake ni kafin Asabar, don ina gab da rabuwa da abokin da muka yi shekara tara muna cin tuwo kwano ɗaya.

Ni makaɗin jita ne a wata ƙungiyar kiɗan biki. Kwanan baya na sayi akwatin nan na zamani da ake takawa da ƙafa, wanda ke ba jita murya iri-iri, wai har ɗari biyu. Ban kai ta arba'in ba kaina ya fara juyawa. Wuni guda na yi ina murɗe-murɗe kafin na samo wata mai taushi kamar gurmi, irin wadda iyaye mata ke so. Na kai shi shagon abokin nawa, Sadiƙ mai fiyano, inda kayanmu ke kwana.

Da muka je biki a Mada na kunna, muryar nan babu ita. Na yi gumi na sake haɗa ta. Bayan la'asar, mawaƙinmu na tsakiyar wasa uwar ango, injin wuta ya mutu. Sadiƙ ya zagaya baya wajen wayoyi. Wuta na dawowa na taɓa tsirkiya, abin ya yi ruri kamar tifa a kan tudu. Hajiyar ta dafe ƙirji, mata suka bushe da dariya. Haka aka sake yi a Magami, kuma nan ma shi ya zagaya.

Anti, kafin zuwan akwatin nan, fiyanonsa ke yin muryar gurmin. Ya kuma taɓa cewa abin ya fi ƙarfina. Na ɗauke kayana daga shagonsa, na ɗaura wa akwatin laya, ban sake kunna shi ba, gaisuwar Sadiƙ ma da kai nake amsawa. Malam Ɗanlami, shugabanmu, ya ce in aka maimaita a Bungudu ranar Asabar, in nemi wata ƙungiya. In tona Sadiƙ a gaban kowa, ko in yi shiru?

Mai Jita, Tsafe

*

Malam Mai Jita,

Zarginka ba na banza ba ne. Mutum yana da dalili, yana da makullin shago, kuma duk lokacin da abu ya ɓaci yana wurin. Ni ma da na karanta sai da na ɗan harare shi. Amma na lura akwai wani da ke wurin duka sau biyun, ba ka kuwa daina gaishe shi ba: injin.

Na kai wasiƙarka wurin wani mai situdiyo a nan Gusau. Tambaya ɗaya ya yi: da ka gama haɗa muryar, ka danna maɓallin ajiya? Ya ce irin akwatin nan, abin da ba a ajiye ba yana tafiya da wuta, ta dawo ya koma muryar da kamfani ya sa, wadda galibi ta masu son hayaniya ce.

Shari'ar mai sauƙi ce. Ka kulle ɗaki kai kaɗai, ka haɗa muryar gurminka, ka zare waya, ka mayar. In tifar ta dawo, to Sadiƙ bai shigo ta taga ba. Sai ka sake haɗawa, ka ajiye ta a lamba ta ɗaya, ka sake zare waya ka gani. Idan ta zauna a gida, amma ta ɓace bayan ta kwana a shago, lokacin ne za ka yi magana, da Malam Ɗanlami a keɓe, ba a gaban mata ba.

Game da ɗari biyun nan, ba jarrabawa ba ce, babu wanda zai tambaye ka ta tamanin da bakwai. Biyu sun ishe ka: mai taushi ta wasa iyaye, mai kaifi ta rawa. Ka rubuta lambobinsu a takarda ka manna a jikin akwatin, ka gwada su a lasifikar ƙungiya da ƙarfin da za a yi a fili. Layar ba ta hana komai, ka bar ta in kana so, rubutu dai kada ka shafa masa.

In akwatin ya amsa laifinsa, kada ka jira Asabar. Ka je shagon tun ranar Juma'a, ka yi sallama da baki. Mutumin da ke tashi ya gyara wayoyi alhali kowa na zaune ya cancanci fiye da gyaɗa kai.

Allah ya sa uwar angon Bungudu ta ji sunanta lafiya, ya kuma mayar da ku kwano ɗaya.

Juwairiyya