Gayyar Kwamfutoci

Gusau

Yaya Sama'ila,

Gaisuwa mai yawa. Ya makaranta, ya iyalinka su Rabi'a?

Ina cikin damuwa. Ka san aikin digirina na dakta, lissafa abin da ke cikin furoton, ɗan mitsitsin da ke tsakiyar ƙwayar zarra. Kwamfuta kan yanka sarari gida-gida kamar gurabun dara, ta yi awo a ciki. To awona duk hayaniya ce, kowane da amsarsa daban. Maganinta awo mai yawa, ga shi ƙarshen wata za a karɓe babbar kwamfutar da aka ara mini. In hayaniyar ba ta kwanta ba, wahalar shekaru ta bi ruwa.

Ƙanwarka,
Hafsatu

Bungudu

Hafsatu,

Bayan gaisuwa. Ke da kika gudu daga gonar Baba, yau ga ki da gonar da ta fi ƙarfinki! A ƙauyenmu 'Yankuzo mi aka yi wa irin wagga gona? Gayya ake kira. Ɗalibaina na hutu, kwamfutocin makaranta na kwance, shugaba ya yarda. Malam Bashar na makarantar Tsafe ma zai tattaro nasu kwamfutocin.

Ki huta lafiya.
Sama'ila

Gusau

Yaya,

Ina gaisuwa. Da farko dariya na yi, don kwamfutocinku ko numfashi da ƙyar suke yi. Sai na tuna wata dabara da muka karanta, wadda ban taɓa samun hannuwan yin ta ba. Ƙananan su yi awo na gaggawa, dubbai, ko da ba daidai ba. Babbar ta yi kaɗan na tsanaki, in gwada su da juna, in gane yawan karkacewar na gaggawa, in gyara su duka.

Aikin da na turo muku ke nan kuka sa wa kwamfutocinku. Yaya, yau sakamakonku ya iso. Hayaniyar ta kwanta! Ɗige-ɗigen awon da ke warwatse sun jeru, siffar cikin furoton ta fito fes. Malamina ya cire tabarau ya sake sawa. Ni kuwa kuka na yi a gabansa, ban ji kunya ba. Ya sa mini ranar kare aikina gaban masu jarrabawa.

Allah ya saka.
Hafsatu

'Yankuzo

Dakta mai jiran gado,

Barka. Na yi wa Inna bayani, ba ta gane furoton ba, amma ta gane gayya. Ta ce: "Ɗiyata ba ta cin gumin mutane ta bar su da yunwa." An kai gero niƙa, an gayyato su Malam Bashar. Ki taho Asabar, ke za ki dama furar.

Yayanki,
Sama'ila