Zaman Bayan Asuba

Ƙofar Jatau, Zariya.

Assalamu alaikum, Abban Su'ad,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya sanyin Gembu? Su'ad tana gaishe ka, haƙorinta na gaba ya fita, kowa ta gani sai ta washe masa giɓi. Na ba direbanku wannan takarda ne don wayar can ba ta riƙe doguwar magana.

Na koma asibiti ranar Talata. Likita ta ce hawan jinina bai sauka ba tun ɓarin da na yi, ga ƙiba ta ƙaru. Ta ce kada mu sake neman haihuwa sai an ga sauyi, domin cikin zai iya tafiya da ni. Ta rubuta magani, ta rage mini gishiri da mai, sannan ta ce in riƙa zama shiru kullum ina bin numfashina. Ni da zuciyata ba ta tsayawa wuri ɗaya, ina zan iya?

Ƙanwar babanka, Goggo Adama, ta zo daga Kusfa ta tarar da ni jugum. Da ta ji bayani sai ta ce maganar likita gaskiya ce, kuma za ta tare a nan mu riƙa zaman tare.

Ka sa ni a addu'a.

Taka,
Ihsan

Abban Su'ad,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan murar ta sake ka. Mu lafiya lau.

Yanzu in mun idar da asuba ba ma tashi daga darduma. Goggo tana jan carbinta a hankali, ni kuma ina shaƙar iska, in sake ta da ambaton Allah. Da farko ƙafafuna suka yi ta sagewa, hankalina na kan takardun ɗalibai da abin da za a ɗora a murhu. Goggo ta ce hankali kamar akuya yake, in ya tsinke a janyo shi, ba a dukansa.

Wata safiya, ba shiri, sai yaron ya faɗo mini a rai, har da sunan da muka zaɓa masa. Na yi kukan da ban yi ba a asibiti. Goggo ta ɗora tafinta a bayana har gari ya waye.

Tun ranar na gane cincin da fanken da nake ci in na dawo daga makaranta ba yunwa ce take sa ni ba. Yanzu in hannuna ya nufi robar cincin, nakan dakata in ja numfashi. Wani lokaci in mayar da murfin, wani lokaci kuma in ci abina, ba zan ɓoye maka ba. Da yamma mukan taka zuwa Ƙofar Galadima mu dawo.

Allah ya tsare mana kai.

Matarka,
Ihsan

Abban Su'ad,

Assalamu alaikum. Wasiƙarka ta iso, na gode. Ya jiki, ya abokan aiki?

Jinin ya sauka, likita ta rage magani. Tela ya rage mini riguna, barci ma ya dawo. Ta ce bayan Sallah, in komai ya ɗore, za mu iya sake gwadawa. Na zaci murna zan yi, sai tsoro ya kama ni. Washegari na zauna da shi a kan darduma. Bai tafi ba, amma bai kai ni kicin ba.

Goggo ta koma Kusfa, ta ce na daina bukatar mai gadi. Su'ad ce ta gaje wurinta, takan rufe ido da gaske, can sai in ji kanta a cinyata.

Na karanta inda ka ce kai ma ba ka barcin kirki tun lokacin ɓarin, kuma ba ka taɓa faɗa wa kowa ba don kada ka ƙara mini nauyi. Ɗanka ne kai ma, Abban Su'ad. Ka nemi hutu ka zo gida. In ka dawo daga masallaci da asuba za ka same ni zaune, sai ka zauna kusa da ni. Ba sai ka ce komai ba.

Taka har kullum,
Ihsan